Rabin Maganata a Kasuwar Lolo

Ranar Asabar ce, bayan sallar la'asar, a harabar wata makarantar firamare a nan Bagudo. Akwai Bashar, shugaban ƙungiyar matasan unguwarmu, wanda ya gayyace ni. Akwai Hafsatu 'yar ƙanwata, mai sayar da atamfa ta waya. Sauran samari ne da 'yan mata da suka cika bencina, kowa da wayarsa a hannu. An ce in yi musu bayanin yadda ake yi wa kamfanoni talla a shafukan sada zumunta, tunda ita ce sana'ar da na koma bayan na bar gidan rediyo.

Ban rufe gaisuwa ba Bashar ya ce, "Baba Haruna, mu fa a taƙaice muke so. Waya muna da ita, data muna saye. Nuna muna inda kamfanonin suke kawai."

Hafsatu ta ce, "Kawu, ai kai ma magana kawai kake yi a biya ka. Mu da muke wuni muna yin ta kyauta fa?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na faɗa musu abin da lokaci ya bari, kiran magariba ya tashe mu. Abin da ban samu faɗa ba shi ne nake rubutawa a nan.

Aikin farko da na tsaya na kalla a gidan rediyo, ina sabon ɗauka, sanarwar ɓatan jaki ce. Malam Tanko ne babban mai karanta sanarwa a lokacin, a ƙarƙashinsa aka ajiye ni. Mai jakin ya zo daga ƙauye ya ba da kamanni: jaki fari, kunnen hagu a tsage, yana ɗingishi da ƙafar baya. Ana shirin shiga ɗakin watsa shiri sai ya riƙe hannun rigar Malam Tanko, ya ce a bar zancen ɗingishin, don in an ga jakin sayar da shi zai yi, ba ya so duk lardi ya ji. Malam Tanko ya dube shi ya ce, "To jakin wa kake so a nemo maka? In lafiyayye ne ai ba naka ba ne." Ya shiga ya karanta har da ɗingishin.

Shekarun da na yi a bayansa, darasin bai wuce irin wannan ba. Ba ka karanta abin da ba ka gane ba. Ba ka hanzarta ƙarshen sanarwa don lokaci ya ƙure, domin a ƙarshen ne ake sa wuri da sharaɗi. Tsakanin labarai da talla kuma yana da wata ƙaramar ƙararrawa da yake kaɗawa, sannan ya ce da bakinsa, "Ga talla." Duk da haka mutanen karkararmu ba su cika rarrabewa ba. Muryar da ta sanar da rasuwar mahaifin mutum, in ta dawo ta ce masa ga taki mai kyau, ba ya jin ta kamar muryar ɗan kasuwa. Cewa yake yi, "Rediyo ta faɗa." Da na yi ritaya na dawo gida, kuma manyan wayoyi suka shiga ƙauyuka, wannan yardar ce kamfanoni suka biyo ni suna nema. Masu iya Hausa suna da yawa a birni. Muryar da tsoho a Lolo, garin bakin iyaka, ya sani tun yana saurayi ce ba su da ita.

Kayan aikina ba su cika jaka ɗaya ba. Waya biyu, ɗaya ta ɗaukar hoto, ɗaya ta aikawa da amsa tambayoyi. Ƙaramin makirufo da ake maƙalawa a wuyan riga, da soso a kansa saboda iskar bakin kogi. Batirin ajiya, da faifan sola a kan rufin ɗaki. Ɗakin kansa tsoffin barguna na rataye a bangonsa don kada murya ta yi amsa-kuwwa, kuma dole in san lokacin da maƙwabcina ke kashe injin niƙa, in ba haka ba shi za a ji ba ni ba. In na doshi iyaka kuma sai in riƙa duba fuskar waya, don sabis ɗin Benin kan kama ta ba sallama, ya cinye katin mutum yana tsaye.

Aikin da ya fara kawo mini kamfanoni na injin ban-ruwa ne, a fadamar Zagga, lokacin noman rani. Dillalin injin ya so bidiyon ya fara daidai inda ruwa ke bulbulowa daga tiyo. Ni kuwa na kunna waya tun manomin da zai tayar da injin yana naɗe igiya. Ya ja, injin ya ƙi. Ya sake ja, ya yi tari ya mutu. Manomin ya yi masa baƙar magana, ya kwance fulogi ya goge a gefen riga, ya mayar, ya ja, sai ga ruwa ya haye gangaren ya shiga kwamin shinkafa. Ban yanke ko'ina ba. Dillalin ya kira ni yana faɗa, wai na nuna wa duniya injinsu na gardama. Na ce masa duk manomin da zai saya ya san inji na gardama, abin da yake son gani shi ne ko yana tashi daga baya, da kuma tsayin da yake kai ruwa. Ya sa bidiyon ba da son ransa ba. Tambayar da ta fi yawa a ƙarƙashinsa ita ce inda ake samun fulogin.

Wasu abokan cinikin kuma sharhin ƙarya suke so. Wani mai injin casar shinkafa ya taɓa cewa in buɗe shafuka da sunaye daban-daban, su riƙa rubuta cewa sun ci shinkafarsa babu tsakuwa ko ɗaya. Na ƙi, ya samu wani ya yi masa. Ba a daɗe ba sai ga wata Hajiya Asabe daga Lolo tana yabon shinkafar safe da yamma. Ya manta cewa a nan kowa ya san gidan kowa. Wani ya rubuta a ƙarƙashinta, "Hajiya, a wace unguwa kike? Ba mu taɓa ganin ki wurin suna ba. Muna so mu zo gaisuwa." Daga ranar Hajiya ba ta ƙara magana ba.

Amma abin da ya fi kowanne muhimmanci, wanda ofisoshin birni ba su cika sani ba, shi ne hanyar da talla ke bi a ƙasarmu. A birni mutum na buɗe shafi ya kalli bidiyo da rubutun da ke ƙasansa. A nan mutum ɗaya ne zai kalla a shafi, sauran a rumfar mai caji za su same shi. Makiyayi zai zo kasuwa ya ba da wayarsa a yi caji, ya ce a zuba masa abin saurare a katin memori. Mai cajin zai zuba wa'azi, waƙa, da duk abin da ke yawo a makon. Sau da yawa sautin kawai yake cirewa don kada ya cika katin. Hoto ya faɗi, rubutu ya faɗi, sunan shafi ya faɗi, murya kaɗai ke shiga daji. Daga nan ta bi garke ta tsallaka iyaka, inda babu sabis, babu wanda zai iya kiran ta ta dawo.

Shekarar da ta fi mini muni a wannan sana'a ta fara ne da aiki mai kyau. Wani kamfanin magungunan dabbobi, ba zan kama sunansa ba, ya ɗauke ni in riƙe masa shafinsa na wannan yanki, in kuma yi masa tallar maganin kaska. Jami'in tallarsu Nasiru ne, matashi mai ladabi wanda ya san aikinsa, ofishinsa na birni. Kafin in buɗe baki sai da na zauna da malamin dabbobi ya karanta mini duk abin da ke jikin kwalbar. Na ɗauki muryar a ɗakin barguna. Na ce ga talla, na faɗi sunan maganin, na faɗi yadda ake surka shi da ruwa, na ce a fesa inda kaska take. Sannan na rage sauri na kawo gargaɗin: kada a fesa a hantsar saniyar da ake tatsa, kada a bar maraƙi ya kama nonon da maganin ya taɓa, kada mutum ya sha madarar saniyar da aka fesa sai lokacin da aka rubuta a kwalba ya wuce. Na aika wa Nasiru, ya ce ya yi kyau. A shafin da nake riƙe na sa shi cikakke. Farkon damina ne, kaska ta yi yawa, garkunan da suka yi rani a Benin wasu sun fara dawowa, wasu ba su taso ba.

Wata safiya ina shirin fita aka yi sallama. Ardo Sambo ne, shugaban wata ruga ta wajen Lolo, wanda na sani tun yana kawo sanarwar ɓatan shanu gidan rediyo. Na shimfiɗa tabarma, ya ƙi zama.

"Mai rediyo, ba zama ya kawo ni ba. Saurara."

Ya ciro ƙaramar waya daga aljihu ya danna. Muryata ce. Sunan maganin, yadda ake surkawa, a fesa inda kaska take. Daga nan sai kiɗa ya tashi, sautin ya ƙare.

Na ce, "Ina sauran?"

Ya ce, "Wane saura? Kai ka ce a fesa inda kaska take. To ina kaska take zama in ba hantsa ba? Mun fesa. Maruƙa suna dalalar yawu suna tangaɗi, ɗaya ya mutu jiya. Jikata ta sha madara ta kama amai, sai da anka kai ta asibiti. Da sauƙi yanzu. Amma duk rugagen da na sani sun sayi wanga magani, don kai ka ce."

Na ɗauko wayata na kunna masa cikakken. Ya saurara har ƙarshe, kansa a sunkuye. Da ya ƙare ya ce, "Wannan wa ka faɗa ma ita? Mu dai ba ta iso mu ba."

Yana tsaye na kira Nasiru. Bai ɓoye ba. Ya ce a ofis sun ga tallar ta yi tsawo, mutane ba sa kallon doguwa har ƙarshe, sai suka yi gajeruwa, ita suka biya aka yaɗa, ita suka tura wa dillalansu. Gargaɗin kuma bai ɓata ba, an rubuta shi a ƙasan bidiyon, ga shi kuma a jikin kwalba.

Na ce, "Da wane harshe?"

Ya ce, "Da Turanci, Baba. Amma yanzu zan sa a goge gajeruwar daga ko'ina."

Na ce masa gogewa ba ta kai wa katin memori. Abin da nake so shi ne kamfanin ya fito da sunansa ya ce an yanke gargaɗi daga tallarsa, ga gargaɗin, a yaɗa shi da ƙarfin da aka yaɗa na farko. Ya jero mini dalilansa, kuma ba na wasa ba ne. In suka ce haka, abokan hamayyarsu za su ce maganin guba ne, alhali maganin lafiyarsa lau. Yarjejeniyar da na sa wa hannu ta ba su damar gyara sauti. Shi kuma ba shi ne mai yanke hukunci ba, akwai manya a samansa.

"Baba, ka ba ni lokaci in bi ta ofis. Don Allah kada ka sa komai a shafi."

Ban sa ba. Na jira. Kullum in kira, kullum a ce manya ba su zauna ba. Ban iya zama a ɗaki ba a kwanakin nan. In na ga makiyayi a bakin hanya sai in tsayar da babur in tambaye shi ko ya sayi maganin, in yi masa bayani. Amma mutum ɗaya ɗaya nake kamawa, sautin kuwa yana shiga kati goma kafin in gama gaisawa da ɗaya. Har kasuwar Lolo ta zagayo babu amsa daga birni. Na rataya jaka na tafi.

Akwai abin da ya sa ban nufi wajen masu shanu ba. A ruga, namiji ne ke sayen magani, shi ke fesawa, shi ke riƙe da waya. Amma madara ta mata ce. Mace ce ke sakin maraƙi ya fara tsotsa don nono ya sauko, ta janye shi, ta tatsa, ta ba yara, ta kai sauran kasuwa. Gargaɗin nan nata ne, kuma ko da ya isa wayar mijinta cikakke, ba lallai ya isa kunnenta ba. Don haka layin masu nono na nufa.

Rana ta take, amma ƙoren a cike suke, an rufe su da faifai. Labari ya riga ya zaga kasuwa cewa nonon bana na sa amai, masu fura suna wucewa ba sa ko kallo. Shugabar layin wata dattijuwa ce, Inna Hajjo. Na yi sallama, na faɗi ko ni wane ne. Ba ta buƙaci sunan ba, muryar ta isa.

Ta juya ga sauran matan ta ce, "Ku zo ku ga mai muryar nan. Ashe ma gajere ne."

Suka yi dariyar da ba ta daɗi ba. Ta buɗe faifai, ta cika ludayi da nono, ta miƙo mini.

"Sha, Malam. Ai kai ka ce ba komi."

Na ce, "Inna, an fesa wa saniyar?"

Ta ce, "Yau ka iya tambaya." Ta bar ni riƙe da ludayin har sai da ta ga dama, sannan ta ce, "Ta garken ɗana ce. Shi bai da waya, bai ji ka ba, bai fesa ba."

Na shanye. Na zauna a kan dutse na kunna musu cikakken sautin, na faɗa musu abin da ya faru da abin da kamfanin ya ce. Na kuma faɗa musu abin da nake tsoro: in na yi sanarwa a fili, mai yiwuwa cinikin nono ya ƙara mutuwa kafin ya farfaɗo.

Inna Hajjo ta nuna ƙoren da haɓarta. "Wanne ya rage da zai mutu? Faɗa. Amma ba kai kaɗai ba. In muryar namiji ce, maza za su ji su sa a aljihu. Ni zan faɗa da Fillanci, matan su san da su ake. Kuma ka faɗi wanda ya yanke maganar, kada a ce mu munka zuba wani abu a nono. Kada kuma ka ce maganin banza ne, don yana kashe kaska, mazanmu sun gani, in ka yi ƙarya ɗaya za su watsar da sauran."

A bayan shagon wani mai hatsi muka ɗauka, tsakanin buhunan gero, don buhu na shanye hayaniya kamar bargo. Na maƙala mata makirufo a bakin mayafi. Na tsara shi yadda almakashi ba zai same shi ba: gargaɗin ne a farko tun kafin sallama ta huce, shi ne a tsakiya, shi ne a ƙarshe. Duk inda aka yanka, yana ciki. Na ce ni ne Haruna da kuka ji yana tallar maganin kaska na kamfani kaza, abin da kuka ji rabin maganata ne, a ofishin kamfanin aka yanke sauran, ga sauran. Inna Hajjo ta maimaita da Fillanci, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Wani mai kifi da ya tsaya kallo ya ce shi ma zai faɗa da Dandanci saboda mutanen bakin kogi, na maƙala masa.

Kafin in ba kowa, na fita inda sabis ke kamawa na kira Nasiru, na kunna masa ta waya. Ya saurara duka, har da harsunan da ba ya ji.

Ya ce, "Baba, in wannan ya fita, ba ni da yadda zan kare ka."

Na ce, "Na sani. Na kira ne don kada ka fara jin sa a wayar wani."

Sannan ya ce, "Wajen surkawa, ka ce a bi ma'aunin murfin kwalbar, kada su auna da gwangwani. Wasu suna zubawa da yawa." Na koma cikin buhuna na ƙara wannan.

Daga nan sai rumfunan caji. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina roƙon duk katin da ya zo a goge tsohon a zuba sabon, ko mai katin bai nema ba. Wani daga cikinsu ya saurara ya yamutsa fuska.

"Baba, wanga ba kiɗa. Tsohon ya fi daɗi."

Na ce, "Kana shan fura?"

Ya ce, "Kullum."

Na ce, "To zuba."

Na sa sabon sautin a shafin kamfanin da nake riƙe, na tura wa duk zauren waya da nake ciki. Kafin in iso Bagudo an canza mabuɗin shafin, an cire sanarwar. Ban tsaya kan wannan ba, don ba a shafi maganar take ba. Washegari na nufi Geza, daga can ƙauyukan da ke kan hanyar iyaka, duk inda aka ce akwai mai caji. Ruwa yakan tsare ni a rumfar wani, in ya tsagaita in ci gaba, laka har gwiwa. Ardo Sambo ya sa aka zuba sautin a katuna, duk wanda zai tsallaka wajen 'yan'uwa a Benin a ba shi ya kai. A layin nono kuwa Inna Hajjo ta ari wayar surukinta, duk macen da ta sauke ƙwarya sai ta saurara kafin ta zauna, kuma a tambaye ta ko an fesa wa shanunsu. Wadda aka fesa wa nata ba ta buɗe faifai a ranar. Sannu a hankali masu fura suka fara dawowa, don yanzu suna iya tambaya a ba su amsa.

Kamfanin ya aiko mini da saƙon sallama a taƙaice. Bai kai ni ƙara ba. Amma magana ta zaga tsakanin masu ba da talla cewa Haruna na fasa sirrin abokin ciniki, kuma a sauran wannan shekarar waya ta daina ƙara. Dillalin injin ban-ruwa ma da na kira shi sai ya ce bana ba su da tsarin talla. Na koma sanarwar ɗaurin aure da ta ɓatan awaki, na kama 'yar gonar shinkafar da na gada. Sai da wata damina ta zagayo kafin ƙananan 'yan kasuwa su fara dawowa, manyan kuwa har yau ba su dawo ba. Duk wanda ya zo yanzu, sharaɗina ɗaya ne tun a bakin ƙofa: ba a taɓa sautina bayan ya bar ɗakin barguna, kuma in kayan na da gargaɗi, da shi nake farawa.

Daga baya kamfanin ya fitar da sabuwar talla da muryar wani, gargaɗin na cikinta da Hausa. Bai taɓa cewa an yanke ta farko ba. Maganin na nan ana sayar da shi a Lolo.

A watan jiya ina zaune wajen mai shayi a bakin kasuwar, wani makiyayi da ya shigo daga tsallaken iyaka ya zauna kusa da ni yana sauraren wayarsa. Wa'azi ya ƙare, sai ga muryata, sunan maganin, a fesa inda kaska take, kiɗa. Na tambaye shi ko ya taɓa jin na biyun. Ya ce bai san an yi na biyu ba.